Ranar da Inna Ta Buɗe Tukunyar Iri

A ƙauyenmu, can bayan Yako, ba don ɗumi ake hura wutar hira da bazara ba. Wane ɗumi, mutum yana neman inda zai sa ransa? Saboda kunama ake hura ta. Da rana ta faɗi, ƙasa ta fara amayar da zafin da ta haɗiya tun safe, sai su fito daga tsagar katanga, ƙari a sama, suna neman ƙafar yaro. Shi ya sa Iya, uwar babana, takan sa a bar mata itace guda yana ci a murhu bayan an kwashe tuwo, a shimfiɗa tabarma inda haske ke kaiwa amma zafi bai kai ba. Nan muke kewaye ta da an sallame magariba, ni da ƙanena Sale da yaran maƙwabta. Takalmi ɗaya a hannunta, baki yana tatsuniya, ido yana ƙasa. A tsakiyar magana sai ka ji fat! Ta ture gawar cikin toka, ta ɗora daga inda ta tsaya, ko numfashinta bai sauya ba.

Sunana Talatu, amma Iya ba ta kirana haka. Ido-a-tsaye take ce mini, wai tun ina goye nake kallon mutane kamar alƙali. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana ko da wasa. "Ke" ce kawai.

Shekarar da nake son faɗa, ban isa ɗaukar tulu ba tukuna, amma na isa aike. Daminar da ta wuce ba ta yi wa gyaɗa kirki ba. Abin da Baba ya samu an matse mai, an ci, an kai saura kasuwa, sai tukunya guda ta iri, zaɓaɓɓiya, da ɓawonta. Shi da hannunsa ya barbaɗa mata toka, ya kifa kasko a bakinta, ya liƙe da laka, ya ajiye a turakarsa. Sannan ya tafi cin rani wajen haƙar kuza can duwatsun Doguwa. Da zai fita ya durƙusa gaban Iya ya ce, "Tukunyar nan ita ce gonar bana." Ta ce, "Na ji. Allah ya kiyaye hanya." Wanda bai tashi gidan noma ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. In iri ya salwanta a bazara, ba mai ba ka nasa, kowa nasa yake gadi. Sai dai ka tsaya kana kallon gonar maƙwabci tana kore, taka tana ja.

To, matan unguwarmu suna da wata al'ada a lokacin zafi, muna ce mata zaman inuwa. Bayan azahar, tun da ɗaki ba ya shiguwa, sai matan aure su taru a gida guda ƙarƙashin bishiya, kowacce da mazarinta da audugarta, ana kaɗi ana hira. Zaman zagayawa yake gida-gida, kuma wadda aka zo gidanta ita ke fito da abin taɓa ka lashe. Ba abinci ba, a'a. Abu busasshe da za ki ɗauka da yatsa biyu ki jefa baki ki koma kan zarenki bai ɓaci ba: soyayyiyar gyaɗa, aya, dakuwa, kantun riɗi, ƙuli-ƙuli. Abin kamar wasa ne, amma a nan ake auna mace. Abin da kika sa a faifai, kafin magariba an san shi a bakin rijiya.

Zaman da ya gabaci namu a gidan Delu aka yi, matar wani ɗan tireda mai zuwa Kano. Na raka Inna, na gani da idona. Ƙananan ƙosai a soke a tsinke don kada mai ya taɓa hannu, ga dakuwa mai yaji, ga gyaɗa marau-marau har faifai biyu. Ana cikin ci Delu ta dubi Inna ta ce, "'Yar Burumburum, na gaba naki ne fa. Mu ga abin da mutanen ruga suka iya ban da nono." Aka kwashe da dariya. Inna daga nesa aka auro ta, uwarta Bafulatana ce, kuma ba ta da kowa a garinmu sai mu. Ita ma ta yi murmushi, amma na ga zaren ya tsinke a hannunta, ita da zarenta ba ya tsinkewa.

A gidanmu kuwa ban da dawa da kuka babu komai.

Ana gobe zaman, da la'asar, Iya ta fita barkar haihuwa. Ina zaune gindin turmi na ga Inna ta shiga turaka da ƙwarya da wuƙa da ruwa a moɗa. Na lallaɓa na leƙa ta asabari. Ta jiƙa lakar, ta ɓanɓare a hankali, ta ɗaga kaskon. Ta ɗiba. Ta tsaya tana kallon ƙwaryar, ta ƙara ɗiba. Sannan ta kwaɓa laka ta mayar da liƙi. Da ta juyo muka haɗa ido.

"Ke. Ba ki ga komai ba."

Ta shige ɗakinta ta hau ɓarewa, ta lulluɓe hannunta da zane don kada a ji. Amma ɓarar gyaɗa ba ta ɓuya, ƙas-ƙas ɗin nan ko ɓera ya san shi. Iya ta dawo da wuri. Da ta zo daidai ƙofar Inna sai ta rage tafiya, ta tsaya kamar mai gyara takalmi, ta yi gyaran murya, ta wuce. Tsoro biyu ne suka haɗu mini: kada Iya ta tambaye ni, don ban iya yi mata ƙarya ba, kuma kada gobe gyaɗar nan ta shiga kasko, don ko a shekaruna na san abin da aka soya ba ya tsirowa. Tuwon yamma ko loma ban kai ba.

Da aka zo shimfiɗa tabarmar hira, Iya ta ce ba nan ba, a matsar. Aka matsar. Ta ce a ƙara. Har sai da gefen tabarma ya kusa taɓa ƙofar ɗakin Inna. A gidajenmu na da, uwar miji ba ta yi wa matar ɗanta faɗa baki da baki, ita ma matar ba ta ɗaga ido ta dube ta. Akwai kunya tsakani, mai kauri kamar katanga. In magana ta zama dole, sai a nemo mata hanya.

"Ido-a-tsaye," in ji Iya, "yau ba ki taɓa tuwo ba. Me idon ya ci har ciki ya ƙoshi?"

Na ce kaina ke ciwo.

"Uhm. Yawan gani yana kawo shi." Ta gyara riƙon takalminta, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ga wata can ta taso, ƙafarta duk ƙura."

Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta ƙaraso, akwai tabarma."

Ta ce wai Bazara da Damina 'yan'uwa ne, ciki ɗaya, amma ba sa tafiya tare. Bazara ce babba, ita ke gaba. Siririya ce, mai fara'a, bakinta kamar zuma. Gida-gida take bi, ta yi sallama, ta zauna a inuwa. In an kawo mata tuwo sai ta kau da kai ta ce haba, ita ba ci take ba, ɗan abin taɓawa dai in akwai. Nan Iya ta siranta murya ta yi waƙar Bazara, tana kaɗa yatsu biyu a iska:

"Ba ci nake ba, taɓawa ce,
Yatsa biyu me za su ɗauka?
Uwar gida mai hannun zuma,
Ƙaro kaɗan in kai labari."

A garin akwai wata mata baƙuwa, ba ta daɗe da zuwa ba, tana son a san ta da alheri. Bazara ta sauka gidanta. Ta kawo aya, aka taɓa har ta ƙare. Ta kawo riɗi, aka taɓa har ya ƙare. Bazara ta yi waƙa, matar ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ta waiga ba abin da ya rage sai irin shuka. Ta ce ai kaɗan ne. Ta soya, aka taɓa. Ta ƙara soyawa, aka taɓa. Bazara ta cika alkawari kuwa, duk gidan da ta shiga sai ta ce ba ta taɓa ganin mace mai buɗaɗɗen hannu irin wannan ba. Sannan ta kaɗe zanenta ta yi gaba.

Sai ga Damina, ƙatuwa, da baƙin zane, ba fara'a, ba doguwar gaisuwa. Tana tsayawa a ƙofa sai ta ce, "Ina ajiyata?" Kowane gida a miƙo mata ɗanyen iri a ƙoƙo, ita kuma ta mayar da shi rumbu guda. Da ta zo gidan baƙuwar nan, matar ta kakkaɓe kasko ta tattaro 'yan ƙwayoyin da suka rage ta miƙa. Damina ta binne su, ta zuba ruwa, ta zuba, ta zuba har hannunta ya gaji. Ba abin da ya fito sai tururuwa. Ta ce, "Abin da ya riga ya sha wuta ba ya shan ruwana." Ta wuce. Matar ta ruga da gudu ta bi sawun Bazara, ta same ta can nesa gindin wata bishiya tana lasar yatsa. Ta faɗi gabanta ta ce ki taimake ni, duk abin da nake da shi ke kika ci. Bazara ta zaro ido ta ce, "Ni? Ki ji tsoron Allah. Me na ci a gidanki? Taɓawa na yi."

"Nan na sauke ta," in ji Iya. "Mai so ya ɗauka."

Yaran maƙwabta suna dariyar Bazara, ni kuwa kunnena yana ɗakin Inna. Ko tari babu. Sai Sale, da bai san komai ba, ya ce, "Iya, to da ta hana ta, ba za a ce mata marowaciya ba?"

Iya ta iza wutar.

"Za a ce."

"To yaya za ta yi?"

"Ita kaɗai ce a gidan, angona. Shi ya cuce ta. Ku tashi, ku kaɗe tabarma kafin ku naɗe."

Na kwanta ina cewa ai shi ke nan, Inna ta ji. Yaro ke nan, yana zaton magana mai kyau tana gama aiki. Da hantsi sai ga Inna ta fito da kasko, ta zuba yashi, ta hura wuta. Idonta a kumbure. Ƙwaryar nan tana gefen ƙafarta rufe da faifai. Na tsaya rungume da ginshiƙin rumfa.

Iya ta fito, ta jawo kujerarta 'yar tsugunne, ta zauna dab da murhu. Tsakaninta da Inna bai fi miƙa hannu ba. Amma ni ta duba.

"Ido-a-tsaye, tambayi uwarki me za a soya."

Na juya. "Inna, wai me za a soya?"

Inna na kallon yashi. "Ke, ki ce wa Iya baƙi zan yi."

"Ki ce mata na sani. Ki ce mata mai abin da ke ƙarƙashin faifan nan yana can cikin ramin kuza, yana zaton ya bar gona a gida."

Ban ma buɗe baki ba Inna ta amsa. "Ki ce wa Iya, in na fitar da faifai wayam, ba ni da bakin zama cikin mata har in mutu. Ba uwa gare ni a garin nan ba, ba 'yar'uwa. Ki ce rabi kawai. Rabi."

Yashi ya fara wannan ƙaurin da yake yi in ya ɗauki zafi. Hannun Inna ya sauka kan faifan. Na san in ta kifa ƙwaryar nan, ba mai tsince gyaɗa daga yashi mai zafi ya ce iri ce. Na dubi Iya ina jira ta fizge, ko ta daka tsawa. Ba ta motsa ba.

"Ki ce mata yashi ya yi, kada a yi asarar itace. Shiga ɗakina ki ɗebo farar dawa. Ki kuma ce mata baƙin yau ba nata ba ne. Nawa ne."

Hannun Inna ya daɗe a wurin. Sannan ta janye shi ta sa a fuskarta.

Gugguru muka yi. Dawa na fashewa a yashi tas-tas, ni ina tankaɗewa da rariya. Iya ta sauko da wani tsohon ƙuli-ƙuli daga gorarta, ya bushe kamar dutse, ta farfasa shi ƙanana ta juya a yaji. Ta sa Sale ya kaɗo ɗorawa a bayan gida, aka karkarya. Shi ke nan kayan. Kowa ya san gugguru da gyaɗa ake haɗa shi, fitar da shi shi kaɗai kamar fita da takalmi ƙafa ɗaya ne.

Tsofaffi ba sa shiga zaman inuwa, na matasan mata ne, don su sake su yi maganarsu. Amma da aka taru gindin darbejiyarmu, mazarai suka fara juyi, sai ga Iya ɗauke da faifan da kanta. Hira ta mutu. Aka zube ana gaishe ta. Ta dire faifan a tsakiya, ta nemi wuri ta zauna daram.

Delu ba ta iya haɗiye magana. Ta leƙa faifan, ta yi 'yar dariya ta ce, "Iya, ga ango ya iso, ina amarya?"

"Tana ɗaki na kulle," in ji Iya. "Yarinyar nan tun jiya take roƙona, har da hawaye, wai ƙawayenta za su zo, a ba ta gyaɗa ta fita kunya. Na ce ko ƙwaya. Gidan ɗana ne, ni ke riƙe da shi. Wadda abin bai gamshe ta ba ga ni zaune, ba sai an kai bakin rijiya ba."

Aka ci gugguru shiru-shiru. Garin ɗorawa ya rina wa Delu auduga rawaya, ta dinga tsaki ƙasa-ƙasa. Na ga wata ta matso kusa da Inna ta rage murya ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ashe haƙuri kike a gidan nan." Wata ta tura mata goro a ɓoye. Inna kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga kan audugarta, su kuwa suna zaton na baƙin cikin suruka ne. Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari, kuma ba sunan Inna ke ciki ba. Daga ranar aka laƙa wa Iya Dunƙule. Yara na faɗa a bayanta in ta wuce, ita da ba yaron unguwar nan da bai ci tuwon hannunta ba.

Fargaba ba ta ƙare a nan ba. Gyaɗar da aka ɓare ba ta jure zafi kamar mai ɓawo. Iya ta juya ta a toka, ta zuba a gora, ta rataye ƙarƙashin jinka inda iska ke ratsawa. Ruwa kuma ya ƙi sauka. Kullum yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Inna ta rame. Sai in gan ta tsaye ƙarƙashin gorar nan tana kallonta kamar mai jinya. Da Baba ya dawo ya shiga turaka, ya ga laka launi biyu a bakin tukunya, ya fito fuska a ɗaure. Iya ta riga kowa.

"Ni na sa aka buɗe."

"Har da ɓarewa, Iya?"

"Tambayata kake?"

Ya sunkuyar da kai. Bai sake tayar da maganar ba, ko da yake na ga ya dubi Inna sau ɗaya, kallo mai tsawo.

Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta roƙa a bar mata gyaɗar gorar ta shuka da hannunta a gefen gona. Ta tukunya ta fito layi-layi ba giɓi. Ta Inna ta fito kamar haƙoran tsoho, nan akwai, nan babu. Mun samu gyaɗa a shekarar, ba mai yawa ba, amma mun samu, har aka cire iri na gaba.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan kan iri take, a kula da shi, kada a biye wa zaƙin bakin baƙo. Wannan kowace tsohuwa ta iya faɗa. Sai ranar da Iya ta rasu, ina da aure har da goyo, na ji sauran. Mata sun cika gida ana zaman makoki, Delu ta tsufa ita ma, ta ce, "Allah ya jiƙanta. Mutuniyar kirki ce, sai dai hannun nan a dunƙule ya tafi." Na ga Inna ta ɗago, bakinta ya buɗe. Na ce a raina yau za ta fasa ƙwai. Sai ta haɗiye, ta ce, "Amin." Da aka watse na same ta a madafa na ce, Inna, don me kika bari? Ta ce, "Ke, kyauta ta yi mini. In na faɗa yau, na mayar mata ke nan, ga shi ba ta nan balle ta karɓa."

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Kaɗi ya mutu, amma zaman inuwa bai mutu ba, kaya ya sauya. Matan 'ya'yana suna tara ƙawaye da bazara, ana soya awara da cincin da sambusa, ana ɗauka a waya ana nuna wa na Bebeji da na Kano. Ban hana ba, in da hali a yi. Amma ɗakin iri makullinsa a ƙuguna yake kwana, waken shuka da gyaɗar shuka ba mai taɓawa, kuma duk shekara daga zafi ya tsananta barcina ba ya nauyi, motsi kaɗan na ji a tsakar gida sai na tashi zaune. In wata ta rasa abin fitarwa, na gaya musu tun ranar da aka kawo su: ki ce tsohuwa ce ta hana. Suna faɗa kuwa, har da ƙari. Jiya ma ta bayan katanga na ji wata baƙuwa na cewa, "Wallahi kina ƙoƙari da kike zaune da matar nan."

Na ji sarai. Ban gyara mata ba.